Garken Laka

A bazarar 1974, wata ranar Laraba da hantsi, ina zaune a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu a Gafasa ina gina saniya da laka, sai na ji an zare ta daga hannuna. Na ɗago zan yi masifa, don na ɗauka ƙanena ne, sai na ga Baba. Ya jujjuya ta, ya gyara tozon da babban yatsa, ya lanƙwasa ƙahon hagu ƙasa, sannan ya ce, "Ƙahon Wule ba ya kallon sama." Wule ita ce saniyarsa mai farin goshi, wadda ta mutu a farin da ya wuce. Rabon da in ji maganar Baba tun ranar da aka ja gawarta zuwa bayan gari.

Mu makiyaya ne da muka zauna muna taɓa noma, kuma kafin farin nan Baba mutum ne mai surutu har ya gundure ka. Da shanu ma hira yake yi, yana yi musu faɗa kamar 'ya'yansa. Da suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, sai ya shimfiɗa buzunsa kusa da dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, ya zauna yana kallonta daga safe zuwa yamma. Inna ta dama fura ta ajiye masa, ƙudaje su sha. Mu yara kuwa duniyarmu muke ci. In mun taso daga makaranta mu ɗebo ruwa a rijiyar da sai an ƙara wa guga igiya, mu yi langa har ƙafa ta gaji, sannan mu gangara kududdufin da ya bushe ya tsattsage, mu ɓamɓaro laka, mu jiƙa ta da ruwan wanke-wanken da muka sato wa Inna. Shanun lakar da muke ginawa duk kamarsu ɗaya, kai ka ce jakuna ne aka dasa wa ƙaho.

Daga wannan Larabar Baba ya karɓe mini sana'a. Kullum da safe zan kawo laka, shi kuma ya gina. Bai taɓa gina saniyar da bai sani ba. Kowace da sunanta da kamarta, yana shafa musu farar ƙasa da jar ƙasa da garin gawayi, yana gaya mini wadda ta haifi wata, da wadda ya gada wurin mahaifinsa, da wadda ta taɓa harbin Inna a wurin tatsa. Ranar da ya gina wani maraƙi da ya mutu a hannunsa, ya yi kuka sosai a gabana, abin da ban taɓa gani ba. Da ya share fuska sai ya ce, "Je ka ce wa uwarka ko akwai saura a tukunya." A kwanakin nan ya koma cin tuwo, ya wasa fartanyarsa, har ya zolaye ni cewa tawa saniyar da kare ta yi kama. Ya jera garkensa a inuwar rumbu, ni kuma na cika da murna, don ina ganin ubana yana dawowa.

Mutanen gari ba abin da suka gani ke nan ba. Sun ga dattijo mai gemu a durƙushe cikin taɓo yana kiran laka da suna. A bakin rijiya aka fara cewa aljanun shanun ne suka kama shi, wasu suka ce gina mai rai ma bai dace ba. Abin ya fi damun Baffa, yayan Baba, wanda shi ne babban gidanmu, mutum ne da kunya ta fi yunwa yi masa ciwo. Inna da ba ta ɗaga ido a gabansa ta daure ta ce, "Yaya, a ƙyale shi mana, tunda ya fara ai yana cin abinci." Baffa ya ce, "Cin abinci ba shi ne hankali ba." Ba mugu ba ne, yana son ƙaninsa, kuma wannan shi ya fi yi mini ciwo har yau.

Baffa ne ya sa aka kwashe garken a kwando aka zubar a kududdufi, aka hana ni kawo laka. Washegari aka sami Baba yana tonon ƙasar tsakar gida da farce, yana jiƙa ta da ruwan butarsa. Kowa ya ce to ga shi, hauka ta tabbata. Aka ɗora shi a jaki zuwa gidan wani mai magani a wajen Balan, inda aka ɗaure masa hannuwa don kada ya ƙara tono. Sau ɗaya Inna ta tafi da ni. Na gaishe shi, bai ma dube ni ba, yatsunsa kawai ke motsi a cikin igiyar suna murza juna. Damina ta yi kyau a shekarar, amma kafin a yanke gero aka kawo mana gawarsa.

Yanzu 'yata tana aikin jinya a Kano. Kwanaki take ba ni labarin wani ɗaki inda ake ba masu ciwon damuwa, yara da manya, takarda da fenti da laka, a bar su su zana ko su gina abin da bakinsu ya kasa faɗa. Ta ce hanya ce ta magani, har karatunta ake yi. Tana ta bayani da zumuɗi, ni kuwa Baba kawai nake tunawa. Yanzu shekaruna sun zarce waɗanda Baba ya yi a duniya da yawa, amma har yau ina kewarsa irin ta yaro. Maganinsa yana hannunsa, hannun aka ɗaure.