Yadda Kwamfuta Ta Mayar da Ɗiyar Ardo Diyya

A shekarun da na yi ina aiki a shagon buga katin nan na Jega, akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba. Ku da kuka zo bayana kuna gunaguni don na hana a danna komai a kwamfutar shago sai na gani, to ku saurara.

Lokacin albasa ta shigo kasuwa, kuma kun san a ƙasarmu idan albasa ta shigo aure ya shigo. Ni ne mai buga rubutu, wato a kawo takarda da rubutun hannu, in zuba a kwamfuta, in tsara, a kai injin. Mai shagon, Alhaji Ummaru, Allah ya ƙara masa lafiya, mutumin kirki ne, amma yana da ciwo guda: shagon tsallaken titi, masu sana'a irin tamu. Idan suka sake fenti sai mun sake. Suka sayi fanka, mu ma muka saya, alhali wuta ba ta zo ba.

Wata Asabar da safe na kunna kwamfuta, sai manhajar da muke tsara kati da ita ta ce akwai sabuntawa, a danna. Ga wanda bai sani ba, kamfanin da ya yi manhajar ne yake aiko da sabon salonta ta intanet, ka karɓa ya hau kan tsohon. Alhaji yana bayana. Ya ce ya ji na tsallake sun yi nasu tun shekaranjiya, in danna maza kada a ce shagonmu na ƙauye ne. Na ce ya bari in ga abin da za ta canza tukuna.

"Bello, mi za ka gani? Sabon abu ai ya hi tsoho. Turawan da sunka yi ta ba su kai ka wayo ba?"

Na ce ranka shi daɗe, ko buhun albasa aka kawo masa ai yana sa hannu ƙasa ya taɓa. Ya ce albasa daban, ilimi daban.

Na buɗe bayanin da suka rubuta. Layin farko shi ne wanda kowa ke karantawa ya wuce, wai gyare-gyare da ingantawa. Wace ingantawa? Oho. Na danna ƙarin bayani, Turanci ya zubo kamar an kwance bakin buhu. Sabbin launuka, sabbin furanni na gefen kati, abin da Alhaji ya ji ya fara murmushi. Can ƙasa, inda ido ya riga ya gaji, aka ce an ƙara gyaran rubutu kai tsaye a wasu harsuna, har da Hausa, kuma a kunne yake zuwa.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Hausar wa? Na ɗauko tsohuwar laftof ɗin da muka ajiye don sikanin takardu, na sa sabuntawar a kanta, na bar ta shago yadda take. Alhaji yana ta tsaki, wai ina cinye masa data a kan tsoro.

Na rubuta "munka", ina matsawa gaba ta mayar da shi "muka". Na rubuta "biyat", ta ce "biyar". Ba jan layi, ba tambaya, shiru take yi kamar mai ɗauke takalmi a masallaci. Alhaji ya tuntsire da dariya ya ce ashe Bakano aka sa a cikin kwamfutar, a bar shi ya koya mana Hausa.

Sai na jawo aikin da ke gabana, katin auren ɗiyar Ardo Jibo na wajen Sarandosa. Kun san mu nan ɗiya muke cewa, ba 'ya ba, kuma galibinmu masu buga rubutu ba ma wahalar neman ɗ mai lanƙwasa, "diya" muke bugawa kowa ya gane. Na buga "diyarsa". Na matsa. Ta zama "diyyarsa".

Dariyar Alhaji ta ɗauke, domin ya san abin da na sani. Shekarun baya shanun Ardo sun taɓa shiga gonar albasar Alhaji Mamman na Gehuru, aka yi rigima har gaban hakimi kafin a sasanta. To ɗan Alhaji Mamman ne, Nasiru, zai auri ɗiyar Ardo, Hadiza. A makaranta suka haɗu a Aliero, su suka ga juna suka so, har sai da suka sha wuya kafin iyaye su yarda. Amma 'yan zaman majalisa sun riga sun fara cewa ai biyan ɓarna ne, Ardo ya ba da ɗiya a madadin albasa. Magana ce ta baki, ba mai iya faɗarta a fili. Yanzu ga kwamfuta za ta buga ta da ruwan zinare.

Na ce wa Alhaji Ummaru kowane ɓangare katinsa yake bugawa, kuma na ji na gidan ango yana tsallaken titi, a gaya musu yanzu. Wallahi ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Baki har kunne. Ya ce kada in kuskura, wannan sirrin sana'a ne, su da suka iya zamani su sha zamaninsu. Mutumin da ɗazu yake cewa ni matsoraci ne, yanzu shi ne ke cewa dama jikinsa ya ba shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce zan kama ruwa, na zagaya bayan shago na kira Murtala, mai buga rubutun can, wanda tare muka koyi aiki. Na ce ya buɗe katin gidan Alhaji Mamman ya duba layi na uku. Sai na ji salati. Ya ce shi takardar hannu ya bi ya buga daidai, bai sake dubawa ba saboda aiki ya yi yawa. An karɓi katin tun Alhamis, an raba a masallacin Juma'a na Gehuru jiya.

Abin da aka raba wa jama'a ke nan: iyalan Alhaji Mamman suna gayyata zuwa ɗaurin auren ɗansu Nasiru da diyyar Ardo Jibo.

Kafin azahar katin ya isa Sarandosa. 'Yan'uwan Ardo suka ce da gangan ne, a mayar da kayan aure. Alhaji Mamman, wanda ko boko bai iya karantawa ba, ya ɗauki dattawa ya tafi ba da haƙuri, suka tafi da Murtala da ni da tsohuwar laftof. A ƙarƙashin bishiya, gaban mutane, na buga kalmar aka ga ta canza da kanta. Aka ce in sake, na sake. Wani tsoho ya matsa baya yana neman tsari. Ardo ya dubi Alhaji Mamman.

"Na yarda ba kai ba ne. Amma ka sani, in da diyya ce, albasarka ba ta kai ba."

Aka yi dariya, aka sha hura, aka ɗaura aure a ranar da aka sa. Sabon katin a shagonmu aka buga, kuma Alhaji Ummaru ya yi wata guda yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa shi a shagonsa ba a danna abu sai an bincika, ƙa'idarsa ce tun fil azal.

Abin da sana'ar nan ta koya mini shi ne, masu aiko da sabuntawa ba su san Gehuru ba, ba su san wa ya yi faɗa da wa ba, kuma ba su ne za su zauna gaban Ardo ba. Shi ya sa nake karanta bayanin har ƙasa, in gwada a tsohuwar na'ura, sannan in yarda.

Kati dai an sake shi. Bara Hadiza ta zo buga katin sunan ɗanta, yanzu tana koyarwa a Maiyama. Ta tsaya a kaina, kalma bayan kalma, har na gama. Muna cikin haka wata ɗalibarta ta leƙo daga titi, ta durƙusa da ladabi ta ce, "Ina wuni, Malama Diyya." Yarinyar ba ta san komai ba, ita a saninta sunan malamarsu ke nan. Hadiza ta amsa gaisuwar, ba ta dube ni ba, ta ce in ƙara duba layi na uku.