Ranar da Ƙanwata Ta Yi Kuskure

Shekara da shekaru ni ne mai kai wa mahaifiyarmu labari. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in biya gidanmu na Yola Gari, Dada ta ce, "To, me duniya take ciki?" In gyara zama in yi ta zuba, duk abin da na faɗa ya zauna.

Da manyan wayoyi suka shigo sai ƙanwata, malamar firamare a Luggere, ta fara shiga mini hanci. Wata damina aka turo mini hoton ruwa ya shanye unguwa guda, wai a Jimeta ne. Na nuna wa Dada, hankalinta ya tashi. Ƙanwata ta karɓi wayar, ta buɗa hoton da yatsu biyu.

"Hamma, dubi allon shagon nan, da Faransanci aka rubuta shi. Wa ya turo maka? Shi kuma a ina ya samo?"

Tun daga ranar, in na kawo labari sai Dada ta ce, "Bari malama ta zo ta duba." Wai malama, yarinyar da ni na koya mata baƙaƙe. Wallahi kishi ya ci ni, har tuwon gidan ya daina yi mini daɗi. Na koma jiran ranar da za ta zame.

Ranar kuwa ta zo. Dada na shirin zuwa ƙauye duba Goggo, sai wani saƙo mai hoto ya bazu cewa ruwa ya yanke hanyar. Ƙanwata ta ce tsohon hoto ne, ta gan shi tun bara. Ni kuma na taka har tasha, direbobi biyu suka tabbatar mini hanya ta yanke. Ban jira Juma'a ba. Na tari keke sai gida, ina ta tsara yadda zan faɗa a hankali don kada murnata ta fito fili.

Dada ta saurare ni har na kai aya, tana jan carbi.

"Ai ta riga ka," in ji ta. "Da sassafe ta zo, ta ce ta buga wa Goggo waya, ita ce ta yi kuskure, kada in yi tafiyar. Kai kuwa duk daɗewar da ka yi kana kawo mini labari, ban taɓa ganin ka dawo ka ce ba haka ba ne."