Asusun da Ba Ya Haihuwa

Baffana makiyayi ne, kuma ba ya ɓata lissafi. Ko saniya ɗaya ta makara a daji, daga ƙofar ruga zai gane wadda babu. Shi ya sa abin da ya same mu a banki yake ci masa rai har yau.

Shekarar da ɓarayin shanu suka addabi bakin iyaka, ya sayar da bajimai uku a kasuwar Konni, ya ce kuɗin ba za su kwana a ruga ba. Ni ya ɗauka muka je banki, don ni ke zuwa lakwal, wato makarantar boko, kuma a gidanmu an yarda faransancina ya fi na gwamna. Matar da ke buro, ofishin bankin, ta ce asusu iri biyu ne, akwai wanda ake ɗora wa riba duk shekara, akwai wanda ake ba mutum takardun shek ya riƙa biyan 'yan kasuwa. Baffa ya ce Allah ya tsare shi da cin kuɗin ruwa, a ba shi wanda ba ya haihuwa. Ya dangwala yatsa a takardu masu yawa, har na ce masa yatsan ya rame.

Da rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare, ya sayi dusa da 'ya'yan auduga wurin wani ɗan kasuwa a Dogarawa. Sau da yawa ya biya da shek, yana rage lissafin a kansa. Shek na ƙarshe, a ƙidayarsa, ya bar saura kaɗan da za a saya mini littattafai da kayan lakwal. Ruwa na sauka muka kora shanu arewa, don kada su shiga gonakin mutane.

Bayan mun dawo muka koma banki ɗaukar sauran. Na sa wandona mai kyau, ina tafe kamar mai bankin. Matar ta duba na'ura, ta ce babu saura, mu ake bi ma. Na ɗauka kunnena ne, na sa ta maimaita, sannan na faɗa wa Baffa a hankali.

Ta yi bayani cikin ladabi. Kowane wata banki na cire kuɗin ajiya, don haka shek na ƙarshe ya fi abin da ke ciki. Sun cika wa ɗan kasuwar daga nasu, kuma tun ranar cikon yake tara ruwa, ga tara a kai. Baffa ya ce shi bai roƙi kowa bashi ba. A kasuwa, in aljihu ya gaza, hannu ke fara sani, sai mutum ya rage buhu ɗaya ya tafi gida da mutuncinsa. Ta ce yana cikin takardun da ya dangwala wa yatsa. Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa faransancin gwamna ya gudu ya bar ni da zufa.

"Ɗiyata," ya ce mata, "na guji cin ruwa, yanzu ni ka biyan shi?"

Ta ce haka tsarin yake, ba ita ta rubuta ba. Ya ce to a rufe asusun yau. Ta ce ba a rufewa sai an biya, kuma in wata ya mutu zai ƙaru.

A hanya na gwada ba shi dariya, na ce ashe asusun yana haihuwa, sai dai ta baya. Bai ko murmusa ba. A gida ya ƙi taɓa furar da Inna ta dama. Ya ce ba yawan kuɗin ke damunsa ba, tsoronsa mutuwa ta riske shi da riba a wuya.

Da safe ya zagaya garke da ni, yana neman wadda za a sayar a biya banki. Wasu shanun na Inna ne, wasu amanar mutane, sauran masu ciki ne ko masu shayarwa. Muka tsaya gaban karsanata ja, jikar saniyar da aka ba ni ranar sunana. Ita ce nake yi wa abokaina alfahari da ita, ina cewa nan da shekara goma garkenta zai tare hanyar Tawa.

"Kai ka da ita," in ji shi. "In ka ce a'a, ban taɓa ta."

Na so in ce a'a. Amma sai na kwance igiyarta da hannuna.

Ranar kasuwa wani mahauci ya fara taya ta, na ce sai dai ya yanka ni tukuna. Daga baya wani manomi daga Alela ya saye ta don kiwo, farashin bai kai yadda muka so ba. Muka biya banki, aka rufe asusun, aka saya mini littattafai da abin da ya rage. Baffa ya ce in damina ta yi kyau zai mayar mini da wata. Na ce to. Amma shi ma ya san wata ba ita ba ce.