Kwabena Ya Ga Kansa a Allon Mamata

Ke Rakiya, kin taɓa ganin mutumin da ya tsaya a bakin titi yana kallon sanarwar mutuwarsa? To ajiye wayar nan da kike ta ɗaukata hoto da ita tun ɗazu, ki matso. Ni na gani da idona, a nan Kumasi, lokacin da nake sayar da koko da ƙosai a tashar motocin Mampong.

Sunansa Kwabena Antwi. Mutumin Asante ne, dogo, baƙi wuluk, ga wushirya, ga furfura ta fara tsiro masa a gefen kunne. Amariya yake ce mini, alhali a lokacin har na aurar da uwarki. Allah bai halicci mutumin nan da zama ba. In ya zauna a bencina sai ƙafarsa ta dama ta kama rawa, kaɗa-kaɗa-kaɗa, har kokon mutane ya riƙa zuba a kan zannuwansu.

"Kwabena, don girman Allah riƙe ƙafar nan!"

"Amariya, ba ni ba ne, ita ce. Ki yi mata magana da kanki, ni ta daina jin tawa."

Sana'ar da bai taɓa ba kaɗan ce. Ya yi kamasho a tasha, ya yi tallan bel da safa, ya yi fenti, ya yi dakon kujeru zuwa wuraren makoki. Har gadi ya yi, aka sallame shi, don duk sa'ad da maigidan ya dawo sai ya tarar da ƙofa ita kaɗai. Ɗaki kuwa yau yana Bantama, gobe Asafo, jibi ka ji shi a Tafo. Matarsa ta gaji da ɗaure kaya ta koma gidansu. Lambar waya ma ba ta daɗewa a hannunsa.

Wuri ɗaya ne ƙafar nan ba ta zuwa, ƙauyensu, can bayan Mampong. Yana da tsohuwa a can, Eno Afriyie, idonta ya kusa rufewa. 'Ya'yanta maza biyu ne. Ƙaramin, ramin zinariya ya rufta da shi, kuma ran da aka gaya mata faɗuwa ta yi, ta tashi hannu ɗaya ba ya aiki. Mai magani ya ce wa dangi, in ta sake jin irin wannan labari, to ba za ta tashi ba. Kwabena ya san da haka. Kullum sai ya ce wata mai zuwa zai je. Ni dai ina ganin kunya ce, ta zuwa hannu biyu babu komai.

Wata rana sai ga wata yarinya daga Ankara, babban birnin ƙasar nan na bakin teku, sunanta Dedei, da ƙatuwar kyamara a wuya. Ta sha koko, tana ta kallon Kwabena yana gardamar ƙwallo da direbobi. Ta ce, "Baba, fuskarka nake so."

Ya ce, "Amariya, kin ji ko? Ke da kike rainata."

Hotunanta ba na biki ba ne, ba na fasfo ba. Mutane irinmu take ɗauka, ta zuba a wata kasuwa da ke cikin waya. Duk mai neman fuskar da zai yi talla sai ya shiga ya zaɓa, yadda kike zaɓen tumatir a faifai. Kuma ba ta ɓoye masa ba, ta ce wanda ya saya zai iya liƙawa ko'ina.

"Ko'ina? Har Jamus?"

"Har inda ya fi Jamus."

Shi ke nan ta gama da shi. Mutumin da ƙafarsa ke ƙaiƙayi, a ce masa fuskarsa za ta yi yawo ba kuɗin mota!

Ta sa masa hular manoma ta ba shi kwandon koko na itace ya yi dariya. Ta sa masa farar riga ya zama likita. Ta ba shi waya ya zuba mata ido kamar an aiko masa da albishir. Duk wannan bai ba shi wuya ba. Na ƙarshen ne aka sha fama. Ta ce ya yafa zanensu na Asante, kafaɗa ɗaya a waje, ya zauna a kujera, hannu biyu a gwiwa, ya yi murmushin dattawa. Zama fa! Ta ɗauka, ƙafa ta ɓata. Ta sake, ƙafa ta ɓata. Sai da ni na tsuguna a ƙasa inda ba za a gan ni ba, na danne masa yatsun ƙafa da murfin tukunyata, sannan hoton ya fita. Ta sallame shi da alheri, ta koma garinsu.

Aka jima, sai Kwabena ya fara ɓullowa a gari. Ga shi a jikin buhun taki, ga shi a bangon wani kantin magani da farar rigarsa. 'Yan tasha suka sa masa Dokta. Ya kan tsaya a gaban kansa ya gyara wuyan riga ya ce, "Yaya aiki, abokina? Kai ka huta, ni ke yawo."

To kin san mutanen nan da mutuwa. Ba sa ɓoye mamacinsu kamar mu. Hotonsa za a buga ƙato, a zagaye da baƙi da ja, a liƙa a kowane bango, kowa ya san wanda ya tafi. Akwai wani mai shagon buga irin wannan a mashigar tashar. Yana son ya nuna wa mutane gwanintarsa, sai ya shiga kasuwar nan ta waya ya nemi dattijo mai kyan zama. Wa zai samu?

Wata rana da safe na iso da kayana, na ga mutane cirko-cirko. Na ɗaga kai, sai ga Kwabena a sama, ya fi ƙofar gida girma, hannu a gwiwa, furanni a gefe, kurciya fara a bisa kansa. Wallahi sai da ludayi ya faɗi daga hannuna. Wani direba da ya iya karatu ya ce mini, "Kwantar da hankalinki, Hajiya, sunan da ke jiki ba nasa ba ne, na ƙarya ne. Talla ce."

Ban gama sauke numfashi ba sai ga mamacin da kansa, yana tafe yana cin gyaɗa. Ya tsaya, ya duba, ya tuntsire da dariya har da dukan cinya.

"Kai! Amariya, dubi kurciya! Ashe Aljanna zan shiga."

Direban ya ce, "Dokta, bar dariya. Ɗazu wata mata mai kawo ayaba daga ƙauyenku ta zube a nan tana kururuwa. Boatemaa suke ce mata. Mun ce mata talla ce, ta ce mu rufe mata baki, ita ta goya ka tana yarinya, ba ta san fuskarka ba? Ta nemi inda kake kwana, ba wanda ya sani. Ta bar ayabarta ta shiga motar farko, wai za ta kai wa uwarka labari."

Na ga gyaɗar ta zube daga hannun Kwabena. Ban taɓa ganin ƙafar nan ta tsaya cik ba sai ran nan.

Ya ciro waya ya kira ƙanwarsa Pokuaa, wadda ke jinyar tsohuwar. Ba ta shiga. A ƙauyensu sai mutum ya hau dutsen bayan coci waya ke kamawa. Ya sake kira, ya sake, shiru. Sai ya fizgi wuƙar da nake yanka albasa da ita, ya taka teburina, ya yanke igiyoyin allon. Ashe leda ce mai kauri, ta faɗo masa a ka. Mai shago ya fito yana ihu.

"Ɓarawo! Da kuɗina na saya!"

"Kai ka saya, ni uwata ta haifa! Matsa mini!"

Ya naɗe kansa ya sa a hammata, ya faɗa mota. Sauran labarin shi ya ba ni daga baya.

Motar ba ta tashi sai ta cika. Kwabena ya zauna, ya tashi, ya sauka, ya koma kamashonsa na da, yana ihun "Mampong! Mampong! Mutum ɗaya!" alhali rabin motar babu kowa. Ya janyo wata mata da kajinta daga motar wani, aka kusa dambe. Da aka kama hanya kuma sai ya ga kamar direban tura motar yake yi da hannu.

"Ɗan'uwa, taka mana!"

"In kana sauri ka sauka ka tashi sama."

Ledar nan ta warware a kan cinyarsa, wata tsohuwa da ke gefensa ta leƙa ta ga fuskar, ta ɗago ta ga fuskar. Ta ƙwala kiran Yesu, ta nemi fita ta taga. Mota ta kacame, kaji na kuka. Sai da ya miƙe, kansa na dukan rufi, ya faɗa musu abin da ya faru tun daga farko. Tsohuwar nan da ta so fita ta taga ita ce ta daki kafaɗar direba ta ce, "Kai marar uwa ne? Taka!" Daga nan ba wanda ya ce a tsaya masa fitsari.

Duk da haka a hawan dutsen Mampong mota ta yi zafi ta tsaya tana huci. Kwabena bai jira a nemo ruwa ba. Ya tare mai babur, babur ya kai shi inda kwalta ta ƙare ya ce shi ba ya shiga laka. Ya cire takalmi ya sa gudu ta cikin gonakin koko. Ya ce mini a ransa ba addu'a yake yi ba, lissafin ƙarya yake: wataƙila Boatemaa ta tsaya cin abinci, wataƙila dattawa suna gona, ai ba a faɗa wa tsohuwa irin wannan sai manya sun taru.

Tun daga bakin rafi ya jiyo kukan mata. Ya san an riga shi.

Ya shiga gidan kamar an jefo shi, laka har gwiwa. Mata sun ɗaura baƙi da ja, an jera kujeru. Wadda ta fara ganinsa Boatemaa ce. Ta yi ƙara ɗaya ta bi ta kan murhu. Tsakar gida ta watse, har kawunsu mai sanda ya manta da sandar. Pokuaa ce kaɗai ta tsaya, ta dumbuzo ƙasa ta watsa masa a fuska, don sun ce fatalwa in ƙasa ta taɓa ta ɓacewa take yi.

Ya tofar da yashi ya ce, "Ke mahaukaciya, idona! Ina Eno?"

Ta nuna ɗaki da hannu. Ta ce tun da aka faɗa mata ba ta yi kuka ba, ba ta ce uffan ba. Ta juya fuska bango, ta ƙi ruwa.

Ya shiga. Tana kwance a gadon gora, ta ƙanƙance kamar yarinya. Ya durƙusa ya ce, "Eno, ni ne. Kwabena ne."

Ba ta juyo ba. Da wata 'yar murya ta ce, "Na ji ka. Yi gaba, ɗana, ina bayanka. Kullum kai cikin sauri. Ka ce wa ƙanenka ya share mini wuri."

"Eno, ban mutu ba! Hoto ne, talla ce!"

"To, to. Je ka."

Ya rantse, ya kira sunan kakanninsa, ya yi kuka. Ita dai ta riga ta kama hanya, numfashinta sai ƙara nisa yake. Dabara ta ƙare masa. Sai ya zauna a bakin gadon ya riƙe kai da hannu biyu. Kin san gadon gora. Can sai gadon ya fara ƙiƙi-ƙiƙi-ƙiƙi, duk ɗakin ya ɗauka. Shi bai ma san yana yi ba.

Tsohuwa ta kasa kunne. Ta miƙo hannun nan mai lafiya, ta lalubo gwiwarsa, ta danna. Ƙafa ta ƙi tsayawa. Ta ƙara dannawa, ƙafa na ta abinta.

"Wannan ja'irar ƙafa," ta ce. "Tun kana ciki take damuna. Pokuaa! Ba ni ruwa."

Ta sha, ta huta, ta sa aka tayar da ita zaune. Ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ta taɓa furfurar da ba ta san da ita ba. Sannan ta kwaɗa masa mari.

"Sai ka mutu kake zuwa gida?"

Ta ce a kawo abin da ya kashe mata ɗa. Aka shimfiɗa ledar, tana shafawa, Pokuaa na gaya mata: ga shi zaune a kujera, hannu a gwiwa, ko motsi babu. Tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce a yanke kurciyar da rubutun, a kafa mata sauran a bango. Wai ko ba komai ta samu ɗa ɗaya da ya iya zama.

Abincin da aka ɗora na makoki shi aka ci ran nan, aka zuba wa Kwabena farar hoda a ka, alamar murna a wurinsu, Boatemaa ta dawo da ɗingishi tana zaginsa tana rungumarsa.

Bayan sati ya shigo Kumasi kwashe 'yan komatsansa. Ya ce zai je ya gwada gonar kokon ubansa, ya ga ko ƙafar za ta yarda. Ya kawo mini wuƙata da nonon ayaba guda. Na zuba masa koko, ya sha a tsaye, don motar ƙauye na ta hon. Tun daga ranar ban sake sa shi a ido ba, sai dai a jikin buhun taki. Ya sa ƙafa ɗaya a mota, ya waiwayo ya ce:

"Amariya, in kin sake ganina a bango da kurciya, kada ki yi kuka sai na zo da kaina na gaya miki."