Takardar da Ta Mayar da Ƙanwata Aji

Yau ina gyara akwatin Baba na ci karo da kwafin wani hukunci, duk ya yi ja.

Shekarar da soja suka miƙa mulki aka kori ƙanwata daga kwaleji, ba a ko ji ba'asinta ba. Sati uku ina tonon tsofaffin shari'o'i a kotu, har na samo wannan hukuncin, inda alƙali ya ce ba a korar ɗalibi sai an ji ta bakinsa.

Na kai wa Baba a shagonsa na Ƙofar Kwaya. Ya rage murya: "Rufa mini asiri, wa ke ja da gwamnati?"

Na ce, "Baba, masu kakin fa sun tafi."

Ya ninke takardar ya cusa a hula, ya nufi makarantar. Ran Litinin ta koma aji.

Alhamdulillahi. Ku fa, wa ya taɓa tsaya muku haka?