Yadda Surukina Ya Koya Mini Kwamfuta da Yatsa Ɗaya

Ni dai ba don kwamfuta na haye Sahara ba. Gini na zo yi Sabha, kuma na yi shi shekaru, har ranar da wani falalen siminti ya kuɓuce daga igiya a wani gida a unguwar Sukra ya sauka a kan hannuwana. Na hagu ya tashi daga aiki gaba ɗaya. Na dama ya tsira da babban yatsa da manuni, sauran suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Gida kuwa ban gaya wa kowa ba. In sun kira sai in ce lafiya lau, aiki da godiya.

Wani Balarabe mai shagon kayan mota a unguwar Mahdiya, wanda na taɓa yi wa katanga, shi ya tausaya ya ɗauke ni. Mudir muke ce masa. Aikina in zauna bayan kanta, direba ya faɗi abin da yake so, in nemo shi, in ba da rasit. Ina karanta Larabci daga allo, lambobin boko kuma ba su gagare ni. Muna zaune lafiya sai shaiɗan ya raya wa Mudir ya sayo kwamfuta, aka zuba duk kayan shagon a ciki.

Wayyo, na ga ta kaina! Linzamin nan da ake ja a kan tebur, in na kama shi da yatsu biyu sai kibiyar ta yi ta yawo kamar akuyar da ta tsinke igiya. Direbobi kuma ba su san haƙuri ba. Mutum ya bar mota a buɗe a gareji, ni ina nan ina gangarawa layi bayan layi ina neman fanbel ɗinsa. Wani direba Batube ya taɓa ce mini, "Tsoho, kafin ka gama na kai Agadas na dawo." Na ce masa to Allah ya kiyaye hanya. Aka yi dariya, amma Mudir bai yi ba. Da shago ya watse ya ce mini in wata ya ƙare ban yi sauri ba, zai nemo wani. Na san inda maganar ta dosa. Mai irin hannuna ba wanda zai ɗauka ko gadi.

Na ga Mudir yana danna maɓalli biyu tare, abu ya faru nan take. Na gwada, yatsuna ba su buɗuwa su kai. Sai na yi dabarar magina, na ɗauko wani noti mai nauyi na ɗora a kan Ctrl don ya riƙe mini. Na manta ban ɗauke ba. Kowane harafi na taɓa sai wani abu ya faɗo, injin takarda ya kama fitar da rasit ba wanda ya aike shi. Na tsine wa wanda ya ƙera kwamfutar har kakansa.

A cikin wannan hali mijin ɗiyata ta fari ya iso daga Damagaram neman aiki. Ya yi lakwal, wato boko, sosai, ya ma taɓa aiki a wurin buga takardu, amma a Sabha ba wanda ya tambaye shi wannan. Kullum da safe yana bakin titi da guduma yana jiran mai ɗaukar lebura, yawanci ya dawo hannu biyu. Ga ɗiyata a gida da goyo. Kunyar surukai ta rufa mini asiri: daga nesa yake durƙusawa ya gaishe ni, ba musabaha, ba ci tare. Ni kuma hannuwana na cikin hannun jallabiya.

Da wata ya kusa ƙarewa na rasa yadda zan yi. Na haɗiye girmana na aika aka ce ya same ni a shago bayan azahar, lokacin da Mudir ke zuwa gida cin abinci.

Ya zo, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Na ce, ina kallon bango, "Wannan abar ce ta dame ni."

Ya tsuguna gefe, kansa a ƙasa. "Baba, da sauƙi. In kuna neman kaya, ku riƙe wannan na ƙasa, ku taɓa F, ku rubuta lambar. Shi zai kai ku wurin da kansa." Ya nuna. Kafin in ƙifta ido ga fanbel ɗin da ke cinye mini rabin yini. Ya nuna mini Ctrl da P na fitar da rasit, Ctrl da S na ajiyewa, Ctrl da Z in mutum ya yi ɓarna ya mayar da ita. Ya ce Tab ke tsallakawa daga gida zuwa gida, ba sai an taɓa linzami ba.

Sai ya ja baya. "Ku gwada, Baba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zaro hannuwan na ɗora a kan tebur.

Na ji ya ja numfashi. "Inna lillahi," ya ce a hankali, bai ƙara ba. Ni da na aurar masa da ɗiya ina taƙama da cewa gidajen da na gina ba su ƙirguwa, ga ni a gabansa da dungu. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Bai tambaye ni yaushe ba, bai tambaye ni yaya ba. Ya miƙo yatsa ɗaya kawai, ya danna Shift sau biyar a jere. Kwamfutar ta yi ƙara, wani akwati ya fito, ya amsa mata. Ya ce, "Yanzu ba sai kun riƙe ba. Ku taɓa Ctrl ku sake, ita za ta riƙe muku. Sai ku taɓa F." Na taɓa, na sake, na taɓa. Ta yi. Daga nan duk abin da ya nuna mini da yatsa ɗaya ya nuna shi, sauran ya dunƙule su.

Ba mu ji shigowar Mudir ba. Ashe ya daɗe tsaye yana kallo. Ya sa surukina ya nemo kaya kaza, ya fitar da rasit kaza, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce masa da Larabci, a gabana, kamar ni buhu ne, "Kana da aiki? Gobe ka zo ka zauna nan."

Na ji, kuma surukina ya san na ji. Abincin jikana ne ake miƙo masa. Da na cika mutum da na ce karɓi.

Surukina ya ce da guntun Larabcinsa, "Na gode, Haji. Na samu aiki a gona. Baba ya iya, gwada shi." Babu wata gona, ni na sani. Mudir ya gwada ni, na nemo masa kaya uku da manunina ina gumi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ke nan, in zauna.

Sai da aka yi makonni kafin gonar ta zama gaskiya. Surukina ya tafi can bayan gari ban ruwan albasa, yana kwana a rumfar kwano.

Ran wata Juma'a ɗiyata ta kira. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, ya ce ku kuka tsaya masa har ya samu aiki. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma." Na saurara ko za ta tambayi hannuna. Ba ta tambaya ba, bai gaya mata ba.

Na ce mata, "Ba komai."