Sunan Dogon Tasawa

A Kirkissoye, wata unguwa ta Yamai, kowa ya san Malam Tanimu da abu biyu: tarinsa, da rashin son a tambaye shi labarin Elmeki. Tsoho ne gajere, mai kafaɗu kamar na mai dakon buhu. Shekara talatin ya yi yana gadin wani ofis a Gaweye, kullum ya tsallaka gada da ƙafa da safe, ya dawo da la'asar, kansa a sunkuye sai ka ce ya yar da allura.

Kafin Yamai, a Elmeki, cikin duwatsun Abzin, ya yi ƙuruciyarsa yana haƙar kuza. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a rami yana cika guga, ɗaya a sama riƙe da igiya. Kuma a wurin ba a kiran mutum da sunan yanka. Lebura ya zo daga ko'ina ne, a dube shi a laƙaba masa suna, shi ke nan. Tanimu ya zama Gajere, abokin raminsa kuwa Dogon Tasawa. Shekara huɗu suna cin tuwo a kwano ɗaya, ba wanda ya taɓa tambayar wani sunansa na gaskiya.

Ranar da ramin ya fara zubewa, Dogo na ciki. Tanimu ya ji ƙasa na motsi a ƙarƙashinsa, ya saki igiya ya ruga. Wasu ne suka tono Dogo, da rai, amma ƙafar dama ba ta sake moruwa ba. Tanimu bai iya zuwa dubiya ba. Bayan kwana uku ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya bar garin.

Da tsufa ya kama shi sosai, abin ya hana shi sukuni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ya kira ɗiyarsa Salima ya faɗa mata duka.

"Ina son in nemi gafararsa kafin in kwanta dama," in ji shi. "Ko addu'a na tashi yi masa, ban san sunan da zan ambata ba."

Mijin Salima, Hasan, shufer ne mai kai kaya Agadas. Ya yi gunaguni, ya ce hanyar ba ta tsofaffi ba ce, amma wa ke musu da suruki? Suka tafi. Dosso, Konni, Tawa, kwalta duk ramuka, ga shingen binciken takardu. Tanimu ya isa Agadas ƙafafunsa a kumbure. Daga nan suka sami wata ƙaramar mota mai shiga duwatsu.

Elmeki ta ba shi tausayi. Gidajen ma'aikata sun zama kango, awaki na kwance a inda ake wanke kuza a da. Duwatsun ne kawai ba su tsufa ba. Duk wanda ya tambaya Dogon Tasawa sai ya girgiza kai, har aka kai shi wurin wata tsohuwa, Ramlatu, wadda ta yi wa leburori tuwo a zamanin.

Ta ƙura masa ido. "Gajere ne? Ashe kana duniya."

"Ina nan, Ramlatu. Dogo nake nema."

"Dogo ai ya daɗe da barin nan. Yamai ya tafi. Wani ɗan garinsu ya ce mana yana gyaran takalma a bakin babbar gada, ta wajen Gaweye."

"Mene ne sunansa na gaskiya?"

"Mu ma Dogo muka sani."

Tanimu ya nemi dutse ya zauna. Ya tuna akwai wani mai gyaran takalma a bakin gadar da yake tsallakawa kullum, da sanda jingine a gefensa. Tanimu bai taɓa kallon fuskarsa ba, don tun barinsa Abzin in ya hango mai ƙafa ɗaya sai ya kawar da kai ya ƙara sauri.

Komowar ta fi tafiyar wuya. A hanya Hasan ya ba Tanimu shayi ya ƙi, ya ba shi goro ya riƙe a hannu. Da suka shiga Yamai da hantsi ya ce a sauke shi a Gaweye, ba gida ba.

Wani dattijo ne zaune a bakin gadar, yana ɗinke silifa. Tanimu ya yi sallama, ya tambayi dogon mutumin nan mai sanda.

"Malam Isaka? Allah ya jiƙansa, bara ya rasu, gab da azumi."

"Isaka," in ji Tanimu a hankali.

Dattijon ya ajiye silifar, ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mai wucewa da safe, ko? Ai ya san ka. Kullum sai ya ce mini, ga Gajere can. Na ce to ka kira shi mana. Sai ya ce a'a, bar shi, sauri yake yi, ran da ya sami lokaci zai tsaya."